Ƙa Ne, Ba Ka Ba

Dutse Alhaji, Abuja
4 ga Maris, 2013

Zuwa ga amaryata Nabilah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ni lafiyata lau in ban da idon nan. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa a ci gaba da ɗiga masa magani ko Allah zai sa ya tsaya inda yake. Ina ganin mutum kamar inuwa, amma rubutu sai dai wani ya gani.

Kada ki ce tsohon mijinki butulu ne. Kwamfutar nan da kika farfaɗo mini da ita da kika zo hutu, kika zuba mata Linux ɗinku na kyauta, tana aiki. Rubutu ba ya ba ni wahala. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga tafireta a ma'aikata, yatsuna ba su taɓa neman izinin ido ba. Har baƙaƙen nan masu ƙugiya da kika nuna mini mazauninsu na haddace. Karatun ne matsala.

Muryar da kika sa ta riƙa karanta mini takardu, ni dai na raɗa mata suna Bature mai mura. In takardar Turanci ce muna fahimtar juna. In ya shiga Hausa kuwa sai addu'a. "Ina kwana" yake kira "aina kwena". Idan ya ci karo da ƙa ko ɗa ko ɓa, sai ya taka birki ya yi mini dogon Turanci a kan sunan harafin, kafin ya gama na manta farkon maganar. Wasiƙarki ta makon jiya sai da na kira Albert maƙwabcina ya karanta mini. Mutumin kirki ne, amma yanzu ya san kakarki tana fama da basir, ya kuma san wanda ya saki matarsa a Funtua. Ba don wannan kika sha wahala ba. Ki duba mini ko akwai wata muryar.

Ikon Allah ke nan. Ni da kakarki Rahmatu 'ya'yan wa da ƙane ne, ga shi jikarta ce ta zama idona daga wata uwa duniya, alhali wanda na haifa yana nan unguwar Gudu, mota biyu tsakaninmu. Amma kada ki ɗauka na buɗe miki ƙofa. Shekara biyu ke nan da Manniru ya auri Lucy ɗinsa ba da yardata ba. Na ce ba ni ba shi, kuma ban canja ba. Ko ya bugo waya ba na ɗauka, don na san ƙarar da aka sa wa lambarsa.

Ki ci abinci, kada ki dawo mini kamar tsinken tsire.

Angonki,
Nababa

Penang, Maleshiya
9 ga Maris, 2013

Zuwa ga angona mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, Kaka. Ya jiki, ya ido? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya, sai ruwan sama kullum da shinkafa sau uku a rana. Ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci, ba sai ka tuna ba.

Na zauna na gwada muryoyin da ake da su. Akwai wata mai daɗi kamar ta mai karanta labarai a rediyo, sai dai kwamfutarka ta tsufa kamar mai ita, kafin ta furta kalma ɗaya ka gama alwala, kuma Turanci kaɗai ta iya. Akwai waɗanda sai da intanet suke aiki. Su kuwa duk takardar da ka ba su sai ta fita daga ɗakinka ta je wata ƙasa ta dawo, kuma mai gudun kunnen Albert bai kamata ya miƙa sirrinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Ta Hausa na nema har na gaji, ban samu ba.

Wani ɗan ajinmu mutumin Tanzaniya ne ya ba ni dabara. Ashe Baturenka mai mura ya iya harsuna da yawa, har da Swahili, shi kuwa Swahili yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi, kamar Hausa. Na gwada shi da "ina kwana", ya faɗa daram. Jiya da ka bar kwamfutar a kunne na shiga cikinta daga nan na sauya masa harshe. Amfanin abin da yake a buɗe ke nan, kowa yana iya leƙa cikinsa ya gyara. Na kuma rubuta masa ɗan umarni don ya daina taka birki: kafin ya karanta, ya mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Kai Bahaushe ne, in ya ce daki ka san ba daka yake nufi ba.

Maɓallin ƙarshe a jeren sama shi ne na karatu, in ka sake danna shi ya tsaya. Biyun da ke gabansa, ɗaya na rage sauri, ɗaya na maimaita jimla. Takardar da aka ɗauki hotonta aka aiko ba zai iya ba, don a wurinsa hoto ce, ba rubutu ba. Irin wannan ka turo mini.

Zancen da ka hana ni na yi shiru. Amma ka sani shirun nan yana yi mini nauyi.

Amaryarka,
Nabilah

Dutse Alhaji
12 ga Maris, 2013

Amarya,

Ina gaisuwa, ina kuma lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki miji wanda ya fi ni haƙora.

Bature ya koyi Hausa! Murar tana nan, kuma yana magana kamar wanda aka ɗaure wa hanci da zare, amma wasiƙarki daga farko har ƙarshe ni kaɗai na saurare ta, ƙofa a rufe. Ban san na yi kewar wannan ba sai da na same shi. Har na sa shi ya karanta mini tsofaffin wasiƙunki, na yi ta dariya ni kaɗai. Akwai inda kika ce ya mayar da ka ta zama ka, da ta zama da. Wannan ilimin ya fi ƙarfina, na bar wa masu digiri.

Albert ya leƙo yana tambaya ko ba a aiko da wasiƙa ba kwana biyu. Na ce masa an sallame shi daga aiki, ba fansho. Ƙarshen wata zai tafi gida bikin Ista, yanzu ko ya yi wata bai dame ni ba.

Angonki,
Nababa

Penang
3 ga Afrilu, 2013

Kaka,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, jarrabawa ce ta sa ni gaba. Na ji daɗi da Baturenka ya shiryu.

Yau zan karya dokarka, amma layi kaɗan zan rubuta, in ka ga dama ka danna maɓalli ka tsayar. An samu ƙaruwa a gidan Manniru. Tun jiya dangi ke ta buga waya, a Funtua ba a da zance sai wannan. Mama ta ce ita tun da ta ga hoton Lucy na Kirsimeti ta gane. Kowa ya ji, kai kaɗai ka rage, kuma bai dace ka ji a bakin wani bare ba.

Na sauke nauyi. Sauran naka ne.

Nabilah

Dutse Alhaji
3 ga Afrilu, 2013

Malama Nabilah,

Salam. Na ji abin da kika rubuta, sau uku na sa aka maimaita mini. Maganar karuwa a gidan Manniru kada ki sake rubuto mini ita. Ki kuma gaya wa uwarki na ce ta kama bakinta. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Nababa

Penang
4 ga Afrilu, 2013

Kaka,

Ina gaisuwa, ko da yake yau na zama Malama.

Wallahi ban taɓa zaton fushinka ya kai nan ba. Na karanta wasiƙarka na yi kuka. Ko ka yarda ko kada ka yarda, ƙaruwa ce, kuma ta gidanka ce, duk inda ta shiga da sunanka za a kira ta. Na ga hotonta da idona. Mama ba za ta kama bakinta ba, ni ma haka, don ba abin ɓoyewa ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kai ka koya mini wannan.

Ba zan ƙara cewa komai ba sai ka huce.

Nabilah

Dutse Alhaji
Asabar, 6 ga Afrilu, 2013

Nabilah,

Salam. Lafiyata ƙalau, in mai kwana biyu bai ci abincin kirki ba ana kiransa lafiyayye. Na so in yi shiru, na kasa. Ki karanta wannan ki tura wa uwarki, ita kuma ta karanta wa duk Funtua.

Ban so auren nan ba, gaskiya ne. Na so Manniru ya auro 'yar gida, ya kawo mini 'yar Kagoro mai dafa abinci a kantin wata masana'anta a Idu. Girman kai ya hana ni ko duban ta. Amma wannan sunan da kuka liƙa mata ƙarya ne, kuma Allah zai tambaye ku.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da idona ya fara tafiya, duk Juma'a in na dawo masallaci sai in tarar da kwano a bakin ƙofata, a naɗe cikin tawul don kada ya huce. Albert ya ce wai wata ƙungiyar mata ce mai taimakon tsofaffi. Wace ƙungiya ce ta san likita ya hana ni gishiri? Wace ƙungiya ce take dafa gwaten acca irin na mutanen Kagoro, ta kuma cire wa kifi ƙaya ɗaya bayan ɗaya don ta san mai cin ba ya gani? Tun cokali na farko na gane. Wata goma sha huɗu ina ci, ina wanke kwanon, ina mayarwa bakin ƙofa, ban taɓa cewa na gode ba. Daga Gudu zuwa nan mota biyu ce, a cikin cunkoson ranar Juma'a. A cikin ku masu bakin magana, wa ya taɓa aiko mini da ko ƙuli-ƙuli?

Ranar da aka taru a Funtua a kan zancen auren, wani daga cikin manyanmu ya kira ta da wannan kalmar a gabana. Na san ƙarya yake yi, na yi shiru don yana bayana. Shirun nan ne ya ba ku baki yau. Laifina ya fi naku.

Juma'a biyu ke nan ba a ajiye kwano ba. Jiya na daɗe a bakin ƙofa ina laluben ƙasa da sanda, ko an sauya masa wuri. Ba yunwa ce ta dame ni ba. Tsorona kada maganarku ta riga ta isa kunnenta, ko shi Manniru ya saurare ku ya yi abin da ba ya gyaruwa. Yarinyar nan ba ta da kowa a garin nan.

Na sa rigata. Gidan Manniru yana bayan kasuwar Gudu, wajen masu sayar da kayan mota. Ban taɓa takawa ba, amma mai baki ba ya ɓata. In ta ga dama ta rufe mini ƙofa, ta isa.

Nababa

Penang
6 ga Afrilu, 2013

Kaka, don Allah tsaya! Rage saurin muryar ka saurara. Na rubuta wannan da kalmomin da ba za ta iya juya su ba.

Lucy ta haihu. Haihuwa ta yi ranar Talata, ta samu mace, uwa da jaririya suna lafiya. Abin da nake gaya maka ke nan tun ranar Laraba. Hoton jaririyar na gani. Ba wanda ya zagi Lucy, ni ban zage ta ba, Mama ba ta zage ta ba, murna ake yi.

Laifina ne. Ni na sa muryar ta cire wa haruffa hulunansu. Da na ga kalmar a takardarka ba hula, na zaci yatsanka ne ya kuskure, na zaci jikarka ce ba ka so. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Na buga wayarka sau tara ba ka amsa ba. Na buga ta Manniru, a kashe take. Kada ka zagi kowa a gidan nan, Kaka. Ina zaune ina jira, na kasa cin komai.

Nabilah

Dutse Alhaji
8 ga Afrilu, 2013

Zuwa ga amaryata Nabilah,

Assalamu alaikum. Ki ci abinci. Ina lafiya, ban zagi kowa ba, ko da yake saura ƙiris. Wayar a gida na manta ta, kuma kwana biyu na yi a Gudu. Yau na dawo ɗaukar babbar rigata don gobe suna, shi ne Bature ya karanta mini wasiƙarki mai kalmomi marasa hula. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini, ki kuma ba uwarki haƙuri. Na san sarai ba ya iya ƙugiya, wata guda ina gyara masa a kaina, daki ɗaki, bera ɓera. Amma wannan kalma ɗaya shekara biyu ina jiran in sake jin ta a bakin dangi, da ta shigo kunnena zuciya ta riga hankali. In kin samu sarari ki sa ya riƙa yin ɗan tari kafin harafi mai ƙugiya, tunda dai mura gare shi.

Ga yadda aka yi. Na isa Gudu da hantsi. Wani mai sayar da tayoyi ya riƙe mini hannu har ƙofar gidan. Ina shiga na ji tsakar gida cike da muryoyin mata, na ce shi ke nan, an taru ana raba aure. Na buga sanda a ƙasa na yi sallama da ƙarfi. Wata dattijuwa ta taso da sauri, ashe mahaifiyar Lucy ce ta zo daga Kagoro. Kin san Hausarsu ta can, ba ruwanta da ƙugiya. Ta tafa hannu tana dariya ta ce, "Baba, sannu da zuwa! Ka ji mun samu karuwa ko? Mun gode Allah!"

Na ce a raina, har uwar da ta haife ta, kuma tana gode wa Allah? Ban tsaya wata-wata ba na ɗaga murya na ce, "Ina Lucy? A kira mini ita. Kowa ya saurara, wannan yarinya 'yata ce. Duk wanda zai kira ta da wannan suna, ko daga Funtua yake ko daga Kagoro, ya fara zuwa Dutse Alhaji ya same ni. Ni ne ubanta a garin nan."

Sai daga cikin ɗaki na ji kukan jariri, siriri, irin na kwana huɗu. Na tsaya da baki buɗe. Muryar tsohuwar da ta Bature suka haɗu a kaina lokaci ɗaya. Manniru ya fito, na ji takunsa, ya durƙusa a gabana. Na sunkuya na raɗa masa abin da kwamfuta ta karanta mini. Sai na ji kafaɗarsa tana girgiza a ƙarƙashin hannuna. Ya ce, "Baba, ƙa ne, ba ka ba." Ni da na shekara talatin da ɗaya ina gyara wa manyan sakatarori rubutu, yau ɗana yake koya mini baƙi. Da labarin ya zaga tsakar gida, matan nan sai da suka riƙe ciki. Tsohuwar ta yi ta gwada faɗin kalmar daidai tana kasawa, ƙarshe ta ce, "To mun samu baby, shi ke nan, a bar ni in huta."

Aka kai ni ɗaki aka ɗora mini yarinyar a cinya. Fuskarta ban gani ba, amma na shafa kanta, na yi mata addu'a, ta kama mini yatsa. Lucy tana zaune a gefen gado. Duk dariyar da ake yi ita ba ta yi ba. Da mutane suka ragu na ce mata gwaten acca ya yi daɗi, wata goma sha huɗu yana daɗi, kuma na gode. Ta ce, "Baba, so da ka taso daga Dutse, ba ka san na haihu ba?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ba ka san akwai baby ba at all?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Na ji tana jan hanci. Ta ce, "Tun ina da ciki nake cewa Manniru, in na haihu Baba zai zo, amma don jikansa zai zo, ni sai dai in gaishe shi daga bakin ƙofa. Ashe don ni ka zo."

Hawaye kawai na ji suna zubo mini, har daga idon da likita ya ce ya gama aiki. Ta tashi da ɗanyen jikinta ta ɗebo mini ruwa, na sha.

Manniru yana waje da mota yana jirana.

Angonki,
Nababa